Ranar da Mai Takaba Ta Fita

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya ara mini kunne. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai wannan ba tatsuniyar bakin murhu ba ce, abin da ya same ni ne ido biyu. Jikata Hadiza ce ke riƙe da biro, don ni ban taɓa zama a aji ba, kuma na ja mata kunne ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta yi mini kwaskwarima.

Abin da ya sa na ce a rubuta, a bikin da aka yi a Maska bayan babbar salla, jikata Ummi ta dawo gida idonta jawur. Wata ce ta nuna ta da baki a cikin mata, ta ce ai jikar wadda ta karya takaba ce. Yarinyar ta rasa abin mayarwa, saboda ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata. Laifina ne. Shekara da shekaru na yi shiru, ina ganin shirun shi ne mutunci. To yanzu haƙora sun zube, gwiwa ta ƙi, ban san ko zan ga wata damina ba. Gara ku ji daga bakina.

Tsohon garinmu, Gangaren Tsamiya, wanda yawancinku kufansa kawai kuka sani, yana kwance ne a bakin rafi, tsakanin gonakin masara da fadama. Ƙasa ce mai albarka, ka jefa ƙwaya ka juya baya ta tsiro. A saman gari, ta inda rafin yake shigowa, akwai wata tsohuwar tsamiya mai saiwoyi a waje kamar yatsun tsoho. Ita ce ma'aunin garin. Tun kakannin kakanninku, in ruwa ya yi yawa, dattawa kan je su tsaya su dube ta. In rafi bai taɓa saiwar ba, kowa ya koma harkarsa. In ya taɓa, a kwashi yara da awaki a hau tudu. Kada ku ce wauta ce, tsamiyar nan ba ta taɓa yi musu ƙarya ba. Sai abu na biyu da ya kamata ku sani: a garinmu ba a kiran masifa da sunanta. Ba a cewa wuta za ta tashi, ba a cewa ruwa zai ci gari. Wanda ya faɗa, an ɗauka ya buɗe mata ƙofa ne ya ce bismilla. Sai a sa masa suna mai baƙin baki, in ya wuce mata su janye 'ya'yansu. Haka muka taso, ni ma haka na tarbiyyantar da nawa.

Kakanku, Allah ya jiƙansa, wanda har yau bakina bai iya kama sunansa ba, manomin fadama ne. Ya san rafin nan kamar yadda na san tukwanena. Da ranin shekarar aka zo da manyan motoci aka ɗaga hanyar da ta bi ta ƙasan gari, aka cike ta da jar ƙasa har ta fi tsayin mutum biyu, aka bar wa rafi kwalbati ɗaya tak ya riƙa wucewa. Kowa murna yake, an ce yanzu motar masara za ta shigo ko da tsakiyar damina. Shi kuwa ya je ya tsaya ya daɗe yana kallon bakin kwalbatin. Da ya dawo ina zuba masa tuwo, ya yi ƙasa da murya kamar mai gudun bango ya ji.

“Lami, sun yi wa rafi maƙogwaron kaza. Ranar da ya ƙoshi, ba ta sama zai zo mana ba.”

Na ce, “Malam, a'uzu billahi, ka bari.”

Ya bari. Bai sake faɗa ba, ko ga yayansa. Ruwan shuka ya sauka, ya fita ya yi shuka kwana biyu, ya kwanta da zazzaɓi. Kafin masarar ta kai tsayin ɗan yatsa ya riga mu gidan gaskiya.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ku 'yan yanzu ba ku san irin tamu ba. Zane ɗaya, ba kitso, ba kwalli, ba man shafawa. 'Yar wuƙa a hannu duk inda na motsa. Murya ƙasa-ƙasa. Ƙafa kuwa ba ta ƙetare dokin ƙofar gida. Ana cewa wadda ta fita kwanakinta ba su cika ba ta tozarta mamacin, ta kuma ɗebo wa gari abin da ba a so. A gidan akwai yayan mijina, Malam Babba, shi ne mai gida, da matarsa Inna Delu. Sai ni, sai Zulai matar ɗana Sani da 'ya'yanta uku. Sani yana aikin gareji a Funtuwa, sai jefi-jefi muke ganinsa. Ummi ce ƙarama, ko rarrafe ba ta fara ba.

Mai takaba ba ta da aiki sai ji. Maza suna gona, mata suna surfe da raino, ni kaɗai ce a garin nan nake zaune tun safe har yamma da 'yar rediyon kakanku a gefen tabarma. Da damina ta yi tsakiya, masara ta fara goyo, sai rediyon ya kama magana ɗaya yana maimaitawa: ruwan bana zai yi nauyi a ƙasarmu, waɗanda ke bakin rafi su tashi. Ranar farko na kashe, na yi tofi. Rana ta biyu na rage murya. Rana ta uku na bar shi ya gama.

Sai ga malamin gona, wani siririn mutum ana ce masa Malam Nuhu, a kan babur da lasifika ɗaure a gaba. Ya tsaya a ƙofar gidanmu, don nan dattawa ke zama. Ɗakina yana jingine da zaure, komai a kunnena.

“Ranku ya daɗe, aiko ni aka yi. Cikin kwanakin nan ana sa ran ruwa mai yawa. An buɗe makarantar kan tudu, a kai mata da yara da hatsi.”

Can Malam Babba ya ce, “Ka sha ruwa tukuna, Malam Nuhu. Wa ya gani?”

“Daga ofis ne, Baba. A na'ura suka gani.”

“Na'urar ta taɓa kwana a garin nan?”

Aka yi dariya.

“Ɗazu na dawo daga tsamiya. Tsakaninta da ruwa sai ka shimfiɗa tabarma uku. Takin da ka ce mana zai iso kafin shuka, ya iso?”

“Bai iso ba, Baba.”

“To maganarku ta alheri ta ɓata a hanya, sai ta sharri ce za ta zo a kan lokaci? Ka saba wa bakinka da alheri, ɗana. Kuma kada ka kunna wannan abin a cikin gari, akwai masu ciki.”

Bai kunna ba. Na ji baburinsa ya juya. Da yamma mai shela ya zaga da ganga, ya ce kowane gida a yi gumba da ƙosai a raba wa yara, a roƙi Allah ya ba mu damina mai albarka. Saƙo ya shigo gari yana cewa a tashi, ya fita daga bakin mai shela yana cewa a yi sadaka. Ni ma na ba da gerona aka daka, kuma har gobe ba na raina sadaka. Sai dai bayan an cinye gumbar kowa ya ji ya sauke nauyi, aka koma gona.

Ƙasan ɗakina kuwa ya fara gumi. In na ɗaga tabarma da safe sai in ga shatinta a jiƙe. Rijiyar tsakar gida da muke zura wa guga gaba shida, Zulai ta sunkuya ta ɗebo ruwa da ƙwarya. Maganar kakanku ta dawo ta zauna mini a ƙirji. Na kira Zulai.

“Kada ki je tsamiya. Ki bi ta ƙasan gari ki dubo mini bakin kwalbati.”

Ta dawo zanenta jiƙe har gwiwa.

“Iya, ba a ganin kwalbatin. Kara da wani kututture sun toshe bakin. Gonar su Ladi mai ƙosai ta zama tafki, kuma ruwan ba tafiya yake ba, tsaye yake.”

“Yana hawa?”

“Na kafa kara na ɗan jira. Ya hau.”

Na aika a roƙi Malam Babba ya zo. Ya tsaya a bayan asabarin ƙofata, ina ganin ƙafafunsa kawai. Na gaya masa abin da ƙaninsa ya ce a kan tuwo, da abin da Zulai ta gano.

“Ƙanina ya gaya miki, ni bai gaya mini ba?”

“Nauyinka ya ji, Yaya.”

“Lami, baƙin ciki yana sa mutum jin muryoyi. Saura miki kwana nawa?”

“Ashirin.”

“Ki cika su. Uwarmu a ɗakin nan ta yi takabar ubanmu, shekarar da ruwa ya lashi saiwa. Ba ta motsa ba, ga gidan nan a tsaye.”

“To a bar Zulai ta hau da yara.”

“Gidana ba zai zama na farkon gudu ba. Ranar da tsamiya ta ce a tashi, ni da kaina zan ɗaura wa jaki kayanki.”

Kada ku tsane shi. Shi ya riƙe kakanku tun yana maraya, shi ya yi masa aure, kuma abin da ya faɗa shi ya gada. Ni dai na san ba a ɗaga hanya ba a zamanin uwarsu.

Bayan la'asar na sa Zulai ta roƙo liman. Ya zo ya tsaya ta bayan katanga, muka yi magana ba mai ganin wani.

“Allah ya gafarta Malam, mai takaba in ta ji tsoron halaka, yaya za ta yi?”

“Littafi ya ba ta hanya. Ta tashi, ta ƙarasa kwanakinta a inda ta sauka.”

“To ka faɗa a masallaci mana.”

Na ji yana murza tasbaha.

“Lami, in na faɗa, a bakin mutane ni na kira ruwan. Wa zai sake bina salla?”

“Ni fa, in na fita?”

“Ke ma za su faɗa. Allah ya ba ki mafita.”

Da na ga dama da na sulale ta ƙofar baya da sassafe, ba wanda zai gani sai kaji. Da na tsira da jikokina uku, maganar ma ta yi sauƙi. Amma na san matan garinmu. Ba su yarda da rediyo ba, ba su yarda da mai babur ba, kuma ko na aika musu gida-gida cewa za su yi Lami ta zama mai baƙin baki. Abu ɗaya suka sani har cikin ƙashinsu, sun san nauyin takaba. Sun san ba macen da za ta ɗauki wannan abin kunya a kanta don wasa.

Washegari Alhamis, da hantsi, rana ta fito tas. Na goya Ummi. Na ƙulle rediyon a gefen zane, na riƙe wuƙata. Zulai ta ɗora ƙullin gari a kai ta kama hannun yara biyu. Inna Delu tana daka, taɓaryar ta tsaya mata a sama.

“Lami, ina za ki?”

“Tudu.”

“Da takabar?”

“Da ita zan tafi, Inna. Ba ajiye ta na yi ba.”

A zaure dattawa suna zaune. Na kai dokin ƙofa na tsaya. Malam Babba bai ɗaga murya ba, bai ma dube ni ba.

“In kin ƙetare, kin ƙetare.”

A zuciyata na ce wa kakanku, Malam, kai ka faɗa mini, ni kuma na hana ka maimaitawa, yau zan maimaita maka. Na ƙetare.

Akwai gajeriyar hanya ta bayan gari, ban bi ta ba. Na bi ta tsakiya, ta bakin rijiyar unguwa, ta gaban masallaci, ta wurin masu niƙa, a hankali, tafiyar mai takaba, kaina a ƙasa. Ban ce wa kowa uffan ba. Kalmar ruwa ba ta fita bakina ba ko sau ɗaya. Ina jin surfe yana tsayawa gida bayan gida. Wata ta leƙo ta kan zana ta ce, “Zaman ya ishe ta, miji za ta nema.” Wata ta yi dariya, dariyar ba ta samu abokiya ba. Ladi mai ƙosai tana bakin kaskonta a mararraba.

“Wa nake gani haka? Iya Lami, lafiya?”

Ban amsa ba. Ta dubi wuƙar, ta dubi goyon, ta dubi hanyar tudu. Ta sauke kaskon daga wuta da ƙosai a ciki, ta shiga gida tana kiran 'ya'yanta da sunayensu. Sai da na kai rabin hawa sannan na waiwaya. Mata ne a layi, da goyo, da ƙullin kaya, da akuya a igiya, ba mai magana.

A kan tudun akwai gidajen Kirista da kakanninsu suka bi mishan tun da daɗewa. Cikinsu akwai Rifkatu, ƙawata tun muna amare muna haɗuwa a wurin itace. Sauran mata suka nufi makaranta, ni na tsaya a ƙofarta. Ta fito hannunta duk ƙullu.

“Lami? Ke da nake ƙirga miki kwana?”

“Ɗaki nake so, Maman Ishaya, wanda namiji ba ya shiga.”

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta juya wajen mijinta.

“Baban Ishaya, kwashe takalmanka. Kai da samarinka kun koma rumfar awaki.”

“Ni da gidana?”

“Gidan mai takaba ne yanzu. In za ka yi tari ma, ka yi shi a waje.”

Ta rataya mini zane a ƙofa, ta tambaye ni ina ne gabas, ta kawar da gadonta don in sami wurin salla.

Daga nan jarrabawar ta fara. Alhamis ba ɗigo. Juma'a rana kamar ta bazara. Maza suka fara aiko da saƙo: tuwo bai dahu ba, wai ruwan Lami ya iso ne ko yana hanya? Bayan an sauko daga masallaci Inna Delu ta hau tudu tana haki, ta zauna a bakin ƙofata. Ta ce Malam Babba ya ce in rana ta faɗi ban koma ba, ɗakina ya rufe, kuma ba shi ba fitar takabata. Kun san dangin miji ne ke fitar da mace daga takaba, su yi sadaka, su ba ta sabon zane, su shaida ta riƙe amanar ɗan'uwansu. Wadda ba a yi wa haka ba, har ta mutu da alamar tambaya a kanta. Na ce, “Inna, ki kwana nan.” Ta ce, “Mijina yana can,” ta sauka. Ba a jima ba Sani ya kira a wayar Baban Ishaya, aka miƙo mini ta ƙarƙashin labule.

“Iya, don Allah ki yi haƙuri ki koma. Har nan gareji maganar ta iso. Ba na iya ɗaga kai.”

“Ka zo ka dubi kwalbati, sannan ka yi mini magana.”

Na faɗa da ƙarfi, na miƙa wayar. Na dubi sama ta taga, ko gajimare babu. Na ce wa kaina, Lami, in ruwan nan bai zo ba kin zubar da mutuncin mamaci a banza, in kuma ya zo gari ya tafi, wanne kike roƙo? Ban roƙi ko ɗaya ba. Na zauna.

Da la'asar Ladi ta zo, 'ya'yanta huɗu a bayanta.

“Iya, mai gidana ya ce in ban sauko yau ba, in wuce gidanmu.”

“Ladi, ban kira ki ba, ba kuma zan riƙe ki ba. Ki je ki dafa masa tuwonsa. Amma ki bar mini yaran.”

Ta bar su. Da sauran matan suka gani, su ma haka suka yi: uwa ta sauka, yara da tsofaffi su zauna. Mazan ba su ce komai ba, don tuwo ya dawo. Rifkatu ta ɗora babbar tukunyar biki, makaranta ta cika da kuka da wasa.

Asabar ruwa ya fara tun asuba, siriri, ba iska ba tsawa. Bayan azahar ya kece. Dattawa suka rufa buhu a ka suka tafi tsamiya, suka jeru suna kallon saiwa. Saura taƙi guda, suka ce, saura tafin hannu, har yanzu bai taɓa ba. Suna can gaba ɗayansu sun ba gari baya, ruwan da hanya ta tare ya cika ya juyo, ya shigo ta ƙasan gari. Bai yi ƙara ba. Ta rariyar gidaje ya shiga, inda ruwan wanke-wanke yake fita. Inna Delu ta ce ita dai ta ga ƙwaryarta ta fito daga madafa tana yawo a tsakar gida. Katangun laka suka sha suka ƙoshi, suka fara zama ɗaya bayan ɗaya kamar raƙuma. Daga tagar Rifkatu ina gani, mata suna gudu hannu sake, ba goyo, ba ja, ba mai komawa neman ɗa. Maza suka biyo su. Malam Babba ya koma kwance shanun huɗarsa, bangon garke ya faɗo masa a ƙafa, aka ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa. Da aka taru a makaranta kowace uwa ta laluba nata, mai unguwa ya ƙirga mutane gida-gida da baki. Ba rai ko ɗaya da ya ɓata. Tsamiya kuwa, sai da zaurenmu ya kwanta sannan ruwa ya taɓa saiwarta.

Kuna tsammani daga nan kowa ya zo ya ce Lami kin yi gaskiya? Wasu sun zo. Wasu kuwa, tun laka ba ta bushe ba suka ce, mai takaba ta fita Alhamis, ruwa ya ci gari Asabar, me kuma ake nema? Wannan maganar ita ce ta yi tafiya har ta iske Ummi a Maska. Ɗakina ya narke da duk abin da kakanku ya bari, rigunansa, butarsa, allonsa, garmarsa da hannunsa ya lashe wa ƙota. Ban tsira da komai nasa ba sai rediyon. Na ƙarasa kwanakina a ɗakin Rifkatu, ban rage ko wuni ba. Ranar fita, Malam Babba ya cika maganarsa, ba wanda ya zo daga dangin mijina. Rifkatu ta dafa ruwan wanka, Ladi ta yi mini kitso, matar liman ta kawo zane. Liman da kansa ya hau tudu ya tsaya a ƙofar gidan Baban Ishaya ya yi addu'a da ƙarfi, yadda na nesa zai ji, ya ce ya shaida takabar nan ta cika.

To ga inda kowa ya ƙare. Gari ya tashi ya dawo nan kan tudu, inda aka haifi yawancinku. Malam Nuhu an mayar da shi Malumfashi, kafin ya tafi ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce lasifikarsa ba ta kai tafin ƙafata ƙara ba. Liman, da damina ta zagayo, shi ya fara faɗa a masallaci cewa in an yi gargaɗi a ji, kuma ba wanda ya fasa binsa salla. Sani ya zo ran Lahadi, ya dubi inda kwalbati yake, ya dawo ya zauna a ƙofata. Shi ya gina mini ɗakin nan, Zulai kuma har yau ita ke leƙa mini rijiya in ruwa ya yi yawa. Ladi ta tsufa a bakin kaskonta, 'ya'yan nan huɗu duk sun yi iyali. Rifkatu ta rasu shekara uku da suka wuce, na zauna makokinta kwana uku a ɗakin da ta ba ni.

Malam Babba ya yi jinya a asibiti a Malumfashi, ya dawo da sanda. Ya ƙara shekara bakwai a duniya. Kullum na gaishe shi, amsarsa ɗaya ce, “Lafiya,” fuskarsa a gefe. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa nema ba. Shi ma da ruwan shuka ya tafi, kamar ƙaninsa. Da Inna Delu ta shiga takaba na je na zauna da ita, ga wuƙarta a hannu. Da mutane suka ragu ta matso kusa da ni.

“Kin san abin da ya ce mini ana gobe zai cika? Ya ce, Delu, takabarki za ta faɗa cikin damina. In kin ga Lami ta ɗaura kaya, ki bi ta.”

Inna Delu tana nan da ranta, ku je ku tambaye ta.

Ni kuwa ga ni, wuƙar tana ƙarƙashin matashina, rediyon ya daina magana amma ban yar ba. Nan na sauke, ku ɗauka. Ummi, ke kuma in wata ta sake nuna ki da baki ta ce jikar wadda ta karya takaba, kada ki sunkuyar da kai. Ki ce mata ba a karya ba, an hau da ita tudu ne. In ta ce wa ya gani, ki ce ke ce a bayan.